AWON WATA, CEFANEN MAKO

Da yawa daga cikin matasan da suka idar da sallar Juma'a yau ba za su isa gida ba sai sun ratsa kasuwa, ko sun tsaya gaban mai tebur na bakin layi, kamar yadda suka yi jiya, kamar kuma yadda za su yi gobe. Gwangwanin shinkafa biyu, manja na ƙulli, magi ƙwaya huɗu, tumatir kashi ɗaya, gawayi leda guda. Da an sauke tukunya an cinye, shi ke nan, gidan ya koma fanko, sai kuma abin da gobe ta haifar. Haka magidanci matashi yake kwana da tunanin cefane, ya tashi da shi, ya shiga sahun sallah da shi, ya zauna a gaban malami da shi. Wannan hali ya zama jiki har ba a ganinsa a matsayin matsala, alhali kuwa yana cikin manyan ƙofofin da kuɗin ɗan'uwa da lokacinsa da natsuwarsa suke zurarewa.

Ko shakka babu, ba matasa ne suka jefa kansu cikin wannan ƙunci ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana janye tallafin man fetur a jawabinsa na karɓar mulki, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka sakar wa naira mara a kasuwar canji, darajarta ta zube. Zuwa tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. A Fabrairun 2024 mata suka fito kan titi a Minna saboda tsadar rayuwa, masu gurasa a Kano su ma suka yi zanga-zanga kan tsadar fulawa. Iyayen matasan yau sun ga irin haka a layin kayan masarufi na 1984, da kuma bayan tsarin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida da aka shigo da shi a 1986. Alhakin wannan yana wuyan mahukunta, kuma faɗin hakan wajibi ne. To, amma bayan an faɗa, tukunya tana nan tana jira, kuma akwai wani kaso na wahalar da yake hannun maigida ne, ba hannun gwamnati ba. A kan wannan kaso ne ya kamata ɗan'uwa ya tsaya ya yi wa kansa hisabi.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, mai sayen ƙulli-ƙulli shi ne ya fi kowa sayen abinci da tsada. Hatsin da ya taso daga Dawanau a buhu, kafin ya iso hannun mai gwangwani ya bi ta hannun dillali, da mai sari, da mai awo, da mai shago, kowa kuma ya ɗora ribarsa da kuɗin motarsa. Man da aka juye daga jarka zuwa kwalba, daga kwalba zuwa ƙullin leda, a kowane juyi farashinsa hawa yake yi, yawansa kuma raguwa yake yi. Wannan ba laifin mai tebur ba ne, shi ma neman halalinsa yake, kuma ledar da ya ƙulla da zaman da ya yi duk da kuɗinsu. Sai dai sakamakon shi ne, attajirin da ya aika aka ɗauko masa buhu ya ci shinkafa da araha, talakan da ya fi shi buƙatar sauƙi ya ci ta da tsada.

Sai kuɗin zirga-zirga, wanda ba kasafai ake sa shi cikin lissafin cefane ba. A ɗauka, a matsayin misali kawai, zuwa kasuwa da dawowa a A Daidaita Sahu yana cin naira 600. Mai zuwa kullum zai kashe 18,000 a wata, wato sama da kashi ɗaya bisa huɗu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Mai zuwa sau ɗaya a mako zai kashe 2,400. Bambancin 15,600 ne, ba a ci shi ba, ba a sha shi ba, a kan titi ya ƙare. Kowa ya sa kuɗin motar garinsu a wannan lissafi, zai ga nasa rabon. Wanda kuma yake takawa da ƙafa, ko yake da babur, bai tsira ba, domin akwai wata asarar da ta fi wannan ɓoyuwa: duk wanda ya shiga kasuwa ba da takarda ba, sai ya fito da abin da bai je saye ba. Ido ya ga tsire, hanci ya ji ƙamshin balangu, abokin da aka haɗu da shi a saya masa lemo. Sau talatin a wata ana buɗe wannan ƙofa, ina kuwa albashi zai kai ƙarshen wata?

Asarar lokaci ta fi ta kuɗi ciwo, domin ita ba a mayar da ita. Sa'a ɗaya a kullum tsakanin tafiya, da ciniki, da tsayawa gaisuwa, sa'o'i 365 ke nan a shekara, wato fiye da kwana 15 cur, dare da rana. Matashin da yake kukan bai samu lokacin zuwa makarantar dare ba, bai samu damar haddar da ya ɗauko ba, bai iya zama da iyalinsa ya koya masu karatu ba, ya duba inda waɗannan kwanaki suke tafiya. Sau nawa Magariba ta riski ɗan'uwa yana tsaye a kan kashin attaruhu? Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa masallatai su ne wuraren da Allah (T) Ya fi so a gari, kasuwanni kuma su ne waɗanda Ya fi ƙi. Malamai sun bayyana cewa ba ciniki ake zargi ba, domin ciniki halal ne, manyan Sahabbai irin su Abdurrahman bin Auf ma 'yan kasuwa ne. Abin da ake nufi shi ne yawan rantsuwa, da algus, da gafala da suke tattare da wurin. Wanda kasuwa ce wurin sana'arsa yana da uzuri. Wanda kuwa yake kai kansa kullum don ƙwayar magi, shi ya san uzurinsa.

Akwai kuma abin da ya shafi zaman aure. Duk wanda ya taɓa zama wajen sulhunta ma'aurata ya san yadda rigima take farawa daga kuɗin cefane. Maigida ya fita da sassafe bai bar komai ba, da niyyar zai aiko. Rana ta take, bai aiko ba. Uwargida ta tura yaro shago karɓo bashi, ko ta leƙa maƙwabta aron gishiri, sirrin gida ya fita waje. Ya dawo da dare a gajiye ya tarar ba a dafa ba, ko an dafa abin da ransa ba ya so, magana ta tashi. Ita tana ganin ya gaza, shi yana ganin ba ta da tattali, alhali babu wanda ya san ainihin abin da gidan yake ci a mako. Yaran da ake aike sau biyar a yini su ma suna biyan nasu kason: makara a Islamiyya, tsallaka titi, da koyon zaman bakin shago tun suna ƙanana.

Shekarun baya-bayan nan sun koyar da darasin da bai kamata a manta ba. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an kulle Kano, daga baya aka riƙa buɗe kasuwanni a wasu keɓaɓɓun ranaku kawai. A farkon 2023, da aka sauya fasalin takardun naira, mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da tsabar da zai sayi kashin tumatir, sai ya yini a layi ko ya sayi kuɗinsa da kuɗi. A Agustan 2024, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, an sa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa. A duk waɗannan lokuta, gidan da yake da 'yan kwanonin hatsi da kuka da mai a ajiye ya samu sararin numfashi. Gidan da ya dogara da cefanen kullum tun ranar farko yunwa ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Abin mamaki shi ne, wannan ɗabi'a ta sayen abinci kullum ba gadon kakanni ba ce. Bahaushen da ya gina rumbu ya san lissafin shekara: dami nawa zai kai iyali wata kaka, nawa ne na iri, nawa ne na zakka, nawa ne na baƙo. Kasuwa kuwa ranarta take da shi. Har yau Wudil Juma'a take ci, Maigatari Alhamis, Mai'adua Lahadi. Mutumin karkara yakan tara buƙatunsa ya jira ranar kasuwa, ya sayo gishiri da kanwa da daddawa na mako, sauran kwana shida ya fuskanci gonarsa. Mata kuma suna shanya kuɓewa da kuka da tumatir lokacin da suke banza, don ranar da za su yi tsada. Zaman birni, da ɗakin haya, da shago a kowace kusurwa ne suka kawo sakaci. Saboda haka abin da ake kira gare shi ba baƙon abu ba ne, komawa ce ga hankalin da aka bari.

Tsarin kuwa ba shi da wuya, kuma yana farawa ne da sani. Mako guda cur, maigida da uwargida su rubuta duk abin da ya shiga tukunya: gwangwanin shinkafa nawa, kwanon masara nawa, mai kwalba nawa, gawayi na nawa, da kuɗin kowanne. Mafi yawan magidanta ba su taɓa yin wannan ba, kuma ranar da suka yi sai jikinsu ya yi sanyi. Da wannan takarda ce ake sanin awon wata. Gidan da yake cin kwanon masara ɗaya cikin kwana biyu, kwano 15 yake buƙata a wata, buhun da galibi ake auna masa kwano 40 kuma zai kai shi kwana 80. Wajibi ne a yi wannan zama da uwargida, domin ita ce a bakin murhu, ita ta san abin da yake saurin ƙarewa da abin da yara suke bari a kwano. Tsarin da maigida ya yanke shi kaɗai ya kawo a matsayin umarni ba ya kwana uku. Ɗan'uwan da yake jin zama lissafin daddawa da matarsa raini ne, ya tuna Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (S) ya kasance yana taya iyalinsa hidimar gida.

Daga nan sai a raba kayan abinci gida uku. Kashi na farko shi ne abin da yake jure wata ko fiye: masara, gero, dawa, shinkafa, wake, taliya, garin rogo, manja, man gyaɗa, gishiri, sukari, magi, kanwa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, barkono, kauɗa da busasshen kifi. Wannan shi ne awon wata, a yi shi rana ɗaya, ranar da kuɗi suka shigo, kafin su bi ta wata hanya. Kashi na biyu shi ne abin da yake jure mako: albasa, doya, dankali, kabewa, ƙwai, da tumatir da tattasai idan an markaɗa an tafasa har ruwan ya tsane, an soya da mai da gishiri, ana kuma ɗumama shi safe da yamma. Wannan shi ne cefanen mako. Kashi na uku shi ne ɗan abin da dole sai a ranar, kamar ganye ɗanye, ko nono, ko nama ga wanda ya samu hali. Idan aka duba da kyau, wannan kashi na uku bai taka kara ya karya ba, kuma galibi ana samunsa a cikin unguwa ba sai an hau mota ba.

Sai jadawalin girki na kwana bakwai, a rubuta a manna a bangon madafa. Ga misali, ga gidan da yake cefane ranar Asabar: da safe koko ko kunu ko ɗumame, da rana, Asabar shinkafa da miya, Lahadi fate da alayyafo, Litinin doya ko dankali, Talata garau-garau, Laraba dambu da zogale, Alhamis ɗanwake, Juma'a taliya ko shinkafa dafa-duka, da dare tuwo. Hikimar tana cikin jerin miya ne. Kwanakin farko bayan cefane a sha ta ɗanyen kaya, taushe da ɗanyar kuɓewa da miyar ganye, tun ba su yi yaushi ba. Ƙarshen mako a koma kuka da karkashi da busasshiyar kuɓewa, miyar ja kuma a yi ta da kauɗa. Da haka gidan da ba shi da firji, ko yake da shi amma wutar lantarki ba ta zama, zai kai mako ba tare da ya zubar da komai ba. Jadawali yana kuma rage wuta: idan an san gobe wake ne, a jiƙa shi tun dare ya nuna da wuri. Niƙa ma a kai sau ɗaya a mako, a baza garin ya huce ya bushe kafin a rufe shi. Ɗumame kuwa a tabbatar ya tafasa sosai kafin a ba yara.

Ajiya tana da nata ilimin, wanda rashinsa kan mayar da riba asara. Hatsin da bai bushe ba, ko aka jingina shi a ƙasa mai damshi, yana yin fumfuna, kuma fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da dafin da likitoci suka tabbatar yana lahanta hanta. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Wake kuwa ƙwari ne abokan gabarsa, kuma kuskure ne babba a zuba masa maganin feshi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Abin da baƙi suka ƙi ci bai dace mutum ya ciyar da 'ya'yansa ba. Akwai buhu mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne da kyau, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Ga mai ɗan kaɗan, jarka mai tsabta, busasshiya, a cika ta da wake a toshe bakinta, ita ma aikin da take yi ke nan.

To, za a ce wannan duk zancen mai albashi ne. Ɗan A Daidaita Sahu, da lebura, da tela, da mai gyaran waya, da kullum suke samu, da kullum kuma za su ci. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta rufe ƙofa ba. Ba a ce a fara da buhu ba. A fara da abu ɗaya. Wannan makon a sayi gishiri da magi na wata. Mako mai zuwa kwalbar mai a maimakon ƙulli. Na gaba kwano biyu na masara. Duk abin da aka cire daga cefanen kullum, kuɗinsa na gobe ya zama rara, rarar kuma a jefa ta asusu don abu na gaba. Da yayyafi kogi kan cika. Makonnin farko ne masu wuya, kuma sukan buƙaci a haƙura da shayin dare ko a rage katin waya. Hanya ta biyu ita ce haɗin gwiwa. 'Yan'uwa biyar da suke haɗuwa a wajen karatu za su iya haɗa kuɗi, su wakilta amintacce ɗaya ya je babbar kasuwa ya sayo buhu da jarka, a raba da mudu a gaban kowa. Kuɗin mota ɗaya, farashin sari, gida biyar sun amfana. Wanda ake binsa bashi a shago kuma ya fara da biya, domin ba a gina tsari a kan haƙƙin wani.

Wani kuma zai ce ajiye abinci rashin tawakkali ne, wanda Ya ciyar yau Shi zai ciyar gobe. Lalle Allah (T) ne Mai azurtawa, babu mai ja da wannan. Amma a cikin Suratu Yusuf an ba da labarin yadda Annabi Yusuf (A.S.) ya ba da shawarar a yi noma shekara bakwai, a bar hatsi a zangarniyarsa in ban da ɗan abin da za a ci, don shekaru bakwai na fari masu zuwa, kuma da wannan tsari aka ceci al'umma. Bukhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Manzon Allah (S) yakan ware wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. Wane ne ya kai shi tawakkali? Abin da shari'a ta hana shi ne ɓoye abinci don ya yi tsada a cuci jama'a, irin zargin da ya sa hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau a Fabrairun 2024. Tanadin abin da iyali za su ci daban, ɓoye don riba daban. Kuma ko ta fuskar duniya, farashi ba kullum yake hawa ba: a 2025 hatsi ya sauko ƙwarai, waɗanda suka tara don su sayar da tsada suka tafka asara. Wanda ya auna don tukunyarsa, musamman da kaka lokacin da sabon hatsi ya cika kasuwa, babu abin da ya rasa.

Akwai kuma masu tsoron cewa idan abinci ya taru a gida za a yi facaka da shi, awon wata ya ƙare a kwana ashirin. Hakan yana faruwa, amma a gidan da aka kawo buhu aka jibge ba lissafi. Maganinsa gwangwanin awo ne: an san na kowace rana, an ware na kowane mako a mazubinsa. Ɓarnar abinci ba ƙaramar musiba ba ce. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan ɗaya a duniya, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari daga gidaje ne, ba a ƙasashen masu arziki kaɗai ba. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta halatta ci da sha ta kuma hana israfi, aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Saboda haka tsari ba lasisin rowa ba ne. Rabon baƙo, da almajiri, da maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba, a sa shi cikin awo tun farko. A gaskiya ma mai ajiya ne yake iya kyauta. Wanda ya sayo gwangwani biyu daidai cikin iyalinsa, in baƙo ya yi sallama sai ido ya raina fata.

Samarin da ba su yi aure ba kada su ɗauka ba da su ake ba. Ɗalibin da yake karyawa a teburin mai shayi, ya ci rana a wajen mai abinci, ya rufe dare da Indomie da ƙwai, ya zauna ya tara kuɗin mako guda ya gani. Mutum uku a ɗaki ɗaya, da risho ko ƙaramar tukunyar gas, da kwanon shinkafa da na wake da kwalbar mai da yaji, da jadawalin wanda zai yi girki, za su ci su ƙoshi a kan ƙasa da abin da suke kashewa a waje. Da yawa suna cewa tsadar rayuwa ce ta hana su aure, alhali ba su taɓa sanin kwano nawa mutum biyu suke ci a wata ba. Wanda ya koyi riƙon tukunyarsa yana saurayi, ranar da aka kawo masa amarya ba zai ruɗe ba. Tun ran gini ran zane.

Bilhasali, matashin da yake da burin gyara al'umma, gidansa ne wurin gwajinsa na farko. Wanda bai iya tsara abincin mutum huɗu na kwana bakwai ba, da wuya a damƙa masa amanar jama'a ya riƙe. Kuma wanda cikinsa yake hannun mai shago, bashi ya yi masa katutu, shi ne 'yan siyasa suke saye da taliya da ƙullin shinkafa ranar zaɓe. Abin da ake buƙata a daren yau bai wuce takarda da biro ba, da zama na rabin sa'a da iyali bayan Isha'i. A rubuta abin da aka ci yau, gobe a ƙara, har Juma'a ta zagayo. Ranar da kuɗi suka shigo a yi awo, a tsayar da rana ɗaya ta cefane, sauran kwanakin kuma a mayar da su ga sana'a da karatu da tarbiyyar yara. Allah Ya sanya albarka a cikin abin da aka samu, Ya yaye wa al'umma wannan ƙunci, Ya sa a dace.